Kibiya Ta Huɗu

Williston, Dakota ta Arewa
6 ga Agusta, 2012

Baffa Odell,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da kafaɗar da aka yi wa aiki, da kuma kunnen. Ni lafiyata lau, sai dai tsayuwa. Mutum ɗari da arba'in nake dafa wa abinci a sansanin masu haƙar man nan, kullum sau uku. Da waya zan kira ka, to na san ba za ka ji ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Da na zo gida hutun Yuli, maƙwabcinka Duane Hovde ya tare ni a ƙofar coci ya miƙo mini kibiya. Ta alminiyam ce, a lanƙwashe, ga harufan sunanka a jikinta da jan fenti. A ƙashin cinyar wata barewa ya zare ta, can cikin fadamar arewa, bayan ƙanƙara ta narke. Ita ce barewar da ka gaya wa kowa bara cewa ka kuskure ta sarai. Ashe da kibiyarka ta tafi, Allah kaɗai ya san kwana nawa ta yi tana jan ƙafa kafin ta mutu. Na ji kunya, Baffa, kuma raina ya ɓaci.

Dajin nan na mahaifina ne, yanzu a takarda nawa ne. Shekara hamsin kana shigarsa ba wanda ya ce maka kanzil. Amma ka fi ni sanin dokar gidanmu: wanda ya ji wa dabba ciwo ya bar ta ta mutu a banza har sau biyu, ya gama farauta a dajin Fremstad. Wannan ɗaya ce. In aka yi ta biyu, ba zan duba furfurarka ba.

Tun da likita ya hana ka jan baka ka koma wannan mai kunama, wanda ake ɗanawa a riƙe kamar bindiga, ba ka tsaya ka koyi halinsa ba. Ga kibau goma sha biyu nan na aiko, na kabon, baƙin abin nan marar nauyi mai kama da gawayi. Ni na zaɓe su ɗaya-ɗaya. Shekara goma sha ɗaya na yi ina haɗa kibau a shagon tsohon mijina, ko ban koyi zaman aure ba na koyi wannan.

'Yarka,
Marlys

Gonar Fremstad, Westby, Wisconsin
15 ga Agusta

Marlys,

Na samu wasiƙarki da dogon kwalinki. Lafiyata ƙalau tunda kin tambaya. Kafaɗa tana nan inda likita ya bar ta, kunne kuma yana jin abin da ya ga dama, wanda hakan ya fi mini kwanciyar hankali. Ina fata masu haƙar mai suna haɗiye girkinki ba tare da sun kai ƙara ba.

Watau ke da Duane Hovde kuka yi mini zaman shari'a a ƙofar coci. Duane fa, mutumin da ya taɓa bindige maraƙinsa yana rantsuwa barewa ce. To madalla, kin samu shaida.

Ban yi wa kowa ƙarya ba. Na harba, na sauko, na duba, ba jini ko ɗigo, ba gashi. Na ɗauka ta ƙarƙashin cikinta kibiyar ta wuce ta shige ciyawa. Da na san ta same ta, da na bi ta har Minnesota da ƙafa. Abin ya tsaya mini a rai tun da na karanta, amma ba ke zan yi wa kuka ba.

Maganar takarda kuwa, mahaifina da kakanki ciki ɗaya suka fito. Ƙuri'a aka jefa a cikin hula ranar rabon gado, ɓangarenku ya ci dajin, mu muka ci gangaren duwatsu. Ubanki Selmer bai taɓa kaɗa mini takarda a fuska ba. Ni na kafa mazaunin farautar da ke kan tsohon itacen nan na bakin fadama tun ba a san za a haife ki ba.

Na buɗe kwalin. Kibanki na gawayi ba su fi tsinke nauyi ba. Ni alminiyam na sani. In ta lanƙwashe ina gani da idona, in ɗora ta a gwiwa in miƙe ta, in gangara ta a kan teburin kicin, in ta tafi ba ta yi rawa ba shi ke nan. Shekara arba'in ina haka, kuma nama bai taɓa yankewa a gidana ba.

Dokar na san ta. Ba sai wata daga Dakota ta karanta mini ita ba.

Odell Fremstad

Williston
27 ga Agusta

Baffa Odell,

Ina gaisuwa, kuma na ji daɗi kana da ƙarfin yin faɗa, alamar lafiya ce. Ni mura ta ɗan taɓa ni, ta sake ni.

Wannan gwiwar taka ita ta kashe barewar nan. Tsohon bakanka a hankali yake tura doguwar kibiya, yana yafe mata ɗan karkacewa. Mai kunamar nan ba ya yafiya. Dukan kibiya yake yi da ƙarfin da ya ninka wancan sau uku, kuma kibiyar guntuwa ce. Lanƙwasar da idonka ba ya gani a tebur, a yadi talatin ta zama taƙi guda. Taƙi guda kuwa shi ne tsakanin huhu da cinya.

Ban ce alminiyam shara ce ba. Tana da nauyi, ba ta da ƙara, tana shiga nama sosai. Da za ka sayi sababbi, duk wadda ta bugi wani abu ka jefar, da ban ce komai ba. Amma na san ka. Kai da ke miƙe tsohuwar ƙusa da guduma ka adana a gwangwanin kofi, ina za ka jefar da kibiya?

Ka amsa mini waɗannan, ban da baƙar magana. Cikin fikafikai ukun da ke gindin kibiya akwai ɗaya mai launi daban. Shi ne ke shiga ƙasa, cikin kwarmin bakan. Haka kake sa shi? In ka juya shi sama, tsagin gindin ba zai zauna daidai da tsirkiya ba. Na biyu, da wane kai kake gwaji? In kana gwaji da kai mai tsini, ranar farauta ka ɗaura mai reza uku, to ba ka gwada komai ba, don mai reza iska yake kamawa. Na uku, ka tsayar da kibiya a kan tsininta a tafin hannunka ka juya ta. In kan yana rawa, kwance shi ka sake ɗaurawa.

Saura sati uku a buɗe farauta. Ka fita bayan rumbu ka yi ta harbin damin ciyawa har ka gaji.

Marlys

Westby
9 ga Satumba

Marlys,

Muna lafiya. An yi cin abincin coci ranar Lahadi, matan suka yi lefse, burodin dankalin nan namu, ya fito da tauri kamar takalmi. Tun da matata Ardis ta rasu ba wadda ta iya murza shi a garin nan, har da uwarki, Allah ya ji ƙanta. Ina fata murar ba ta dawo ba.

Na bi umarnin malama. Na cika kwarina da shida nawa, shida naki, na auna yadi talatin daga damin ciyawa. Kin san me ya faru? Wata sama, wata ƙasa, kamar an watsa wa kaji tsaba. Ɗaya daga cikin naki ta tsallake damin gaba ɗaya ta huda bangon rumbu, yanzu in na shiga da rana ina ganin haske ta wurin. Na murɗa madubin saiti sama, na murɗa shi ƙasa, har na rasa inda na faro. Kafin kwalinki ya iso ban taɓa samun wannan rikici ba.

Sai na fara tunanin ko abin da ake so ke nan. A aiko wa tsoho kiban da za su ruɗa shi, ya yi kuskure na biyu, a huta. In dajin kike so ki rufe, ki faɗa mini a fili, ba sai kin bi ta bayan gida ba.

Maganar fiffike mai launi daban, wannan ba ruwanki.

Odell

Williston
17 ga Satumba

Baffa,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, sai dai na ƙone a hannu da man suya, ba sosai ba.

Haba Baffa. A kwari ɗaya ka haɗa su? To ai dole. Taka ta fi tawa nauyi, mai nauyi ƙasa take faɗuwa, marar nauyi ta tafi sama. Madubi ɗaya ba zai yi wa iri biyu saiti ba, ko ka kwana kana murɗa shi. Ka zaɓi iri ɗaya. Naka ka kai su lambu ka kafa wa tumatir.

Ga abin da za ka yi. Ka ɗauki jan fentin nan naka ka rubuta wa kowace lamba, ɗaya zuwa goma sha biyu. Ka ɗaura masu kai mai reza. Ka harba kowace a gurbinta daban, kada su yanke juna. Ka rubuta inda kowace ta faɗa. In lamba ɗaya ce kullum take bauɗewa, laifin kibiya ne. In duka ne suke bauɗewa gefe ɗaya, ka duba yadda kake ɗana tsirkiya, wataƙila kafaɗar mai ciwo tana sa ka ja gefe ɗaya fiye da ɗaya. In kuma kowace ta kama gabanta, to laifin yana sanye da hularka.

Da rufe dajin nake so, da kwaɗo zan saya, ya fi kibau sauƙin samu. Zarginka ya yi mini ciwo, in ka damu ka sani. Shirun da ka yi kan fiffiken kuwa ya ba ni amsa.

Marlys

Westby
7 ga Oktoba

Marlys,

Gaisuwa. Lafiya lau, an gama yankan masara, sanyi ya fara shigowa da safe. Ki riƙa shafa wa ƙunar zuma.

Na yi lambobin, ba don kin ce ba, dama ina da niyya. Yanzu a yadi talatin ina zuba su cikin wurin da murfin gwangwanin kofi zai rufe. Kada ki yi saurin yabon kanki, hannu ne ya saba. Ta bakwai tana ja hagu, na ware ta. Ta huɗu kuwa ba ta da na biyu, inda na kalla nan take zuwa.

Sati uku da buɗe farauta, matan barewa sun wuce ta ƙarƙashina sun fi ashirin, ban ɗaga baka ba. Namijin nan nake jira, mai ƙaho rassa goma, mai tsagaggen kunne. Shekara uku muna kallon-kallo da shi. Farkon Nuwamba in ya fara bin mata hankalinsa zai bar jikinsa, a nan za mu gana.

Abu ɗaya zan ba gawayinki, don ni ba na danne gaskiya. Ranar Alhamis hannuna ya goce, ta huɗu ta wuce damin ta daki dutsen harsashin rumbu, har ta yi tsalle ta dawo rabin hanya. Kan ya dagargaje. Na ce shi ke nan, an rabu. Na kai ta kicin na gangara ta a tebur sau biyar, wallahi ko gezau, a miƙe take sambal. Da alminiyam ce da ta zama ƙugiya. Na ɗaura mata sabon kai na mayar da ita gaban kwari. Ban sake harba ta ba, ina tattalinta. Ita na ajiye wa mai tsagaggen kunne.

Ki gaya wa Duane ya shirya zuwa kallo.

Odell

Williston
22 ga Oktoba

Baffa,

Ina fata kana lafiya. An tura ni wani sansanin na sati biyu, sai yau na dawo na tarar da wasiƙarka a ƙarƙashin tarin takardu.

Ka karya ta huɗu. Yau, ba gobe ba. Ka sa ta a gwiwar nan taka ka karya ta biyu ka jefa a wuta.

Wane irin ganganci ne wannan? Teburin kicin na alminiyam ne. Kabon ba ya lanƙwashewa, tsagewa yake yi daga ciki, kuma ko ya tsage haka zai gangara maka sambal har ranar da zai tarwatse a kan baka. Na ga mutumin da aka cire wa sartsensa a hannu, bai sake riƙe cokali daidai ba. Duk wadda ta daki abu mai tauri, ka kama ta kai da gindi, ka kai ta kusa da kunnenka, ka ɗan tanƙwara ta ka saurara. In ka ji ƙas-ƙas, ta mutu. Ka juya ta ka sake, har ka zagaye. Wanda ya yi sati ɗaya a shago ya san wannan.

In ka ɗora kibiyar nan a kan dabba bayan na gaya maka, kada ka zo mini da wani uzuri.

Marlys

Westby
27 ga Oktoba

Marlys,

Ina lafiya. Ke ma na ga kina lafiya, tunda har kina da sukunin yi wa kurma ba'a.

In kai ta kusa da kunnena in saurara. Sannu da ƙoƙari. Shekara talatin a gaban injin tsaga katako, ƙararrawar coci ma sai dai in ga tana lilo, kin san haka sarai, shi ya sa kike rubuto mini maimakon ki kira. Sati uku kika yi shiru, da kika tashi buɗe baki sai da wannan. Ko ubanki da muka yi dambe sau biyu bai taɓa taɓa mini nan ba.

Duk da haka na tanƙwara ta. Ban ji komai ba. Na duba ta a hasken taga daga kai har gindi, ba tsaga, ba ƙwarzane. Kin ga na samu wadda ba ta kuskure, shi ne hankalinki ya tashi. Ta huɗu tana nan inda take.

O. F.

Williston
1 ga Nuwamba

Baffa,

Ina gaisuwa, ba ni da lokacin dogon bayani, motar wasiƙu tana jira.

Ba zagi ba ne. Abin da na faɗa wa mutum dubu a shago shi na rubuta, ban tsaya na tuna da wa nake magana ba. Wauta ce, tawa ce. Amma kibiyar ba ruwanta da fushinka.

Ka ciro audugar da ke cikin kwalbar maganinka. Ka shafa ta a jikin kibiyar daga kai zuwa gindi, kana ɗan tanƙwarawa. In ko zare ɗaya ya maƙale, akwai tsaga. Ka kuma murɗa ta kamar kana matse tsumma, in ta ba da kai ko kaɗan, ta tafi. Wannan da yatsu ake ji. Ko ma dai me ka gani, ta daki dutse, ka karya ta kawai. Kana da goma.

Na kira gidan Duane sau uku. Matarsa ta ce ya tafi Colorado sai ranar goma ga wata, ita kuma ta ce ba za ta taka gonarka ba tun abin da ka ce wa karenta. Ka ga inda halinka ya kai mu.

Don Allah, Baffa.

Marlys

Westby
8 ga Nuwamba

Marlys,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, takardar zamewa take yi, hannun hagu a naɗe yake ba ya riƙe ta. Ban da shi lafiyata ƙalau.

Wasiƙarki ta auduga ranar Litinin ta iso. Abin ya faru ranar Asabar.

Wajen ƙarfe takwas na safe ne, raɓa ta daskare a ciyawa. Wata macen barewa ta fito daga fadama, mai tsagaggen kunne yana biye da ita, hanci a ƙasa. Ya tsaya a yadi ashirin da biyu, ya ba ni haƙarƙarinsa gaba ɗaya, kamar an zana shi. A shekara hamsin ban taɓa samun saiti mai sauƙin wannan ba. Na ɗora masa bayan kafaɗa, na ja kunama.

Ban ji ƙarar ba, a haƙorana na ji ta. Rabin kibiyar na baya ya zama tsintsiya, wani a wuyan hannuna, wani a rigata. Rabin gaba mai rezar ya tafi a karkace ya same shi can baya, a ciki. Kin san yadda suke yi in an same su a nan. Bai gudu ba. Ya ƙudundune bayansa, ya tafi a hankali, yana tsayawa yana waiwaye.

Na ɗaure hannun da hankici na zauna a kan itacen har la'asar, don in aka bi mai ciwon ciki da wuri tashinsa ake yi ya yi nisa. Sannan na bi jini. Baƙi ne, ɗigo nan, ɗigo can, da ɗan abin da ya ci a ciki. Ya kai ni bakin ruwa ya ɓace. Ranar Lahadi ban je coci ba, na shiga fadamar har ƙugu. Litinin ma haka. Talata hannun ya kumbura ya kai girman burodi, sai na tafi asibiti, suka zare sartse goma sha huɗu. Na ce musu waya ce ta shinge. Ma'aikaciyar jinyar ta dube ni, ta ci gaba da naɗe hannun.

Da na dawo na ciro audugar na bi sauran. Ta tara ma ta kama zare, ban ma san lokacin da ta bugu ba. Da ita zan ɗora in ta huɗu ba ta nan.

Ba wanda ya gani. Duane yana Colorado, fadama kuma ba ta magana. Zan iya yin shiru, kibiyar ma guntuwa ce, ba harafina a rabin da ya tafi da shi. Na yi wannan tunanin kwana biyu, ba zan ɓoye miki ba, kuma na ji ƙyamar kaina.

Biyu ke nan. Ga mabuɗin ƙofar daji a cikin ambulan, na naɗe shi a kwali don kada ya huda. Ba sai kin rubuto kin ce kin gaya mini ba.

Odell Fremstad

Williston
14 ga Nuwamba

Baffa Odell,

Ina gaisuwa. Yaya hannun? Ka sha maganin har ya ƙare, ba ka ji sauƙi ka ajiye sauran don baɗi ba. Ni lafiya ta jiki akwai.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a bayan kicin, na ƙona tire biyu na nama. Kai mutum ne mai taurin kai da ban taɓa ganin irinsa ba, kuma da kana gabana da na faɗa maka abin da ko kunnenka sai ya ji. An ce ka karya, ka ƙi.

Amma ni na aiko wa mutumin da ya shekara arba'in da alminiyam kiban kabon, na cika takarda da maganar fiffike da lamba, ban rubuta layi ɗaya kan abin da zai iya cire masa hannu ba. Sannan na ce wa kurma ya saurara. Rabin kibiyar da ke cikin dabbar nan nawa ne.

Wannan ba ta shiga cikin biyun ba. Dajin nawa ne, ni ke da ikon faɗa. Ga mabuɗinka nan na mayar. Baɗi zan ɗauki hutu a Satumba, in zo mu bi su ɗaya-ɗaya da auduga, kana zagina ina zaginka.

Kada ka yi mini gardama a kan wannan.

'Yarka,
Marlys

Westby
21 ga Nuwamba

Marlys,

Gaisuwa mai yawa. Hannun ya sace, yatsu uku suna motsi, biyu suna shawara. Dusar ƙanƙara ta fara sauka jiya.

Na samu mai tsagaggen kunne ranar Lahadi. Hankaki na gani suna zagaye a kan fadama, na bi su. Bai fi yadi tamanin ba daga inda na juya ranar Litinin ɗin nan, a kwance cikin ciyawa, kansa a kan ƙafafunsa. Karnukan daji sun riga ni. Na ɗaura masa takardar izinin farautata ta bana, don nawa ne, ni na kashe shi. Ƙahon na bar masa, ban cancance shi ba.

Mabuɗin ya sake dawowa gare ki. Ke kam ba ki san dokar da kike riƙe da ita ba. A 1981 Vernon, ƙanen Ardis, ya yi ta biyu. Madubin bindigarsa ne ya goce da ya faɗi a kan ƙanƙara, bai sani ba. Ubanki ya so a bar maganar. Ni na tsaya a ƙofar nan na ce wa Vernon barewa ba ta san madubi ba, ciwo ta sani. Ya ba ni haƙuri a gaban 'ya'yansa, na ƙi. Ardis ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba, Vernon kuwa har ya mutu bai sake taka dajin ba. Yanzu sai in karɓi abin da na hana shi, don 'yar Selmer ta ji tausayina? An ce in karya, na ƙi. Ba rabinki a ciki, kada ki ƙwace mini wannan ma.

Ba daɗi nake ji ba. Da safe ina shan kofi ina kallon dajin ta taga, sai in juya kujerar.

Duk wanda za ki ba wa mabuɗin, ban da Duane, ki gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kada ya hau itacen in iska daga kudu take, fadama tana juyo da ita ta kai wa bareyi warinsa. Ba ta babbar hanyar suke fitowa ba, ta bayan kututturen da ya ƙone ne, hannun hagu. Kuma ya yi hankali da mataki na uku na tsanin, yana rawa. Na so in gyara kafin in rufe ƙofar, ban iya ba da hannu ɗaya.

Baffanki,
Odell